Ƙungiyar Masu Goge ta Tsibirin Cape Breton: Tarihin Kafuwarta da Zaman Jama'arta

1.0 Gabatarwa

A watan Yuli na shekarar 1973, makaɗan goge fiye da 130 suka hallara a wani ɗan ƙauye mai suna Glendale, a tsibirin Cape Breton da ke gabashin ƙasar Kanada, suka kwana uku suna kiɗa a filin cocin garin, dubban jama'a suna saurare. Da wuya a sami wanda ke cin abinci da goge kaɗai a cikinsu. Akwai manoma da masunta, akwai masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa, akwai malaman makaranta, har da limaman coci. Waɗanda suka shirya taron kuwa 'yan sa kai ne, ba wanda ya yi don a biya shi. Daga wannan taro ne Ƙungiyar Masu Goge ta Cape Breton ta samo asali, ta kuma cika shekara 50 a 2023.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda ƙungiyar ta kafu, da irin zaman da ta haifar tsakanin jama'arta. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa babban aikin da ƙungiyar ta yi shi ne maye gurbin gida da unguwa a matsayin wurin koyon kiɗa, bayan da zamani ya watsa gidajen, sannan kuma wannan sauyin wuri ya taɓa shi kansa kiɗan.

Wajibi ne a yi bayani game da kalmar "goge" kafin a shiga cikin magana. Gogen Bahaushe tsirkiya ɗaya gare shi ta izgar doki, a kan ƙwarya da aka rufe da fatar guza ko damo. Wanda ake magana a kansa a nan na katako ne, mai tsirkiya huɗu, ana tokare shi tsakanin haɓa da kafaɗa. Amma da yake dukkansu da ɗan baka mai izga ake goga su, har ana shafa wa izgar ƙaro don ta kama tsirkiya, babu wata kalma da ta fi "goge" dacewa da shi, don haka ita aka yi amfani da ita.

2.0 Asalin Mutanen da Kiɗansu

Cape Breton yanki ne na lardin Nova Scotia. Mutanen farko da suka zauna a tsibirin su ne al'ummar Mi'kmaq, daga baya Faransawa suka zo. Daga shekarar 1802 zuwa shekarun 1840 ne jiragen ruwa suka riƙa sauke baƙi daga tsaunuka da tsibiran arewa maso yammacin Sikotland, mutum kimanin 20,000 ko fiye. Dalilin ƙaurar sananne ne a tarihin Birtaniya: masu ƙasa sun gano kiwon tumaki ya fi kawo kuɗi bisa ga 'yan kuɗin hayar da talakawa ke biya, sai suka riƙa tsawwala haya, wasu wuraren ma suka tashi ƙauyuka ɗungum. Mutanen nan harshen Gelik suke yi, akasarinsu ba su jin Ingilishi.

Abin lura shi ne yadda suka zauna. Ba su warwatsu ba. Dangi ya bi dangi, maƙwabci ya bi maƙwabci, ta yadda mutanen Lochaber suka taru a wajejen Mabou, na tsibirin Barra suka taru a wajejen Iona, mabiya ɗarikar Furotesta daga tsibiran Lewis da Harris suka fi yawa a gaɓar arewa. Saboda haka kowane yanki ya riƙe karin harshensa da waƙoƙinsa da salon kiɗansa. Ga kuma teku ta raba su da sauran ƙasar, ga hanyoyi marasa kyau, ga hunturu mai tsawo da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni.

Kiɗan da suka zo da shi ya samu bunƙasa ne a Sikotland a ƙarni na 18, lokacin da manyan masu sarauta ke riƙe da makaɗa. Niel Gow, wanda ya rayu daga 1727 zuwa 1807, yana ƙarƙashin inuwar gidan sarautar Atholl, shi kuwa William Marshall ma'aikacin gidan sarautar Gordon ne, wato dai kusan irin matsayin makaɗan fada a ƙasar Hausa. A Cape Breton babu irin waɗannan iyayen gida. Goge ya koma hannun talaka, wurin zamansa kuma ya zama ɗakin girki, domin nan ne wuta take, nan ake hira. Ziyarar dare da maƙwabta ke kai wa juna, wadda suke kira ceilidh, ita ce makaranta. A nan ake tatsuniya da waƙa da ba da labarin asali, a ɗauko goge daga bango, wani ya tashi ya taka rawa. Yaro yakan haddace kaɗe-kaɗe da dama tun bai taɓa goge ba, domin iyaye mata da kakanni suna rera su da baki yayin aiki. Idan ya ɗauki goge, hannunsa kawai yake koya wa abin da kunnensa ya riga ya sani.

Tsarin kiɗan kansa yana da ƙa'ida. Makaɗi yakan jera kaɗe-kaɗe da yawa a zama ɗaya ba tare da tsayawa ba, ya fara da mai taushi ko na maci, ya shiga wanda ake kira strathspey mai tsalle-tsallen kari, ya ƙare da reel mai sauri. A zaune yake kiɗa, ƙafafunsa suna buga ƙasa a madadin ganga. Daga baya aka sami ogan mai zuga-zugi yana yi masa rakiya, sannan fiyano ya karɓe wannan aiki a ƙarni na 20. Alƙalin makaɗi shi ne mai rawa. Wanda kiɗansa bai ɗaga ƙafar mutane ba, ko yaya daɗin sautinsa yake, ba a lissafa shi cikin gwanaye.

3.0 Goge da Coci

Tsakanin goge da malaman addini an daɗe ana 'yar tsama. A Sikotland, lokacin farfaɗowar wa'azin Furotesta a ƙarni na 19, an ƙone goguna da algaitu masu salka a wasu tsibirai, saboda ana ganin su kayan shagala ne masu jan mutane zuwa giya da rawa. A Cape Breton ma an yi irin wannan, har a tsakanin Katolika. Sunan da ya fi fitowa shi ne na Fada Kenneth MacDonald, limamin cocin Mabou daga 1865 zuwa 1894, wanda ya yi yaƙi da shan giya, ya kuma bi gida-gida yana karɓe goguna yana lalatawa. Labarin da mutanen Mabou ke bayarwa har yau shi ne, gidan da ke da goge biyu sai a miƙa wa Fada maras kyaun, a ɓoye na kirkin. Ko ma dai yaya aka yi, Mabou ta ci gaba da zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kiɗan.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan labari baƙo ba, domin ya san yadda aka danganta goge da bori da gidajen shaƙatawa, da kuma irin kallon da malamai ke yi wa mai goge. Jacqueline DjeDje, a littafinta na 2008 kan goge a Afirka ta Yamma, ta nuna cewa a ƙasar Dagomba ta arewacin Gana masu goge makaɗan sarki ne masu daraja, alhali a ƙasar Hausa suna can ƙasan tsani. Ashe ke nan martabar abin kiɗa tana bin wurin da ake kaɗa shi da mutanen da ake kaɗa wa.

Haka abin ya kasance a Cape Breton. Da aka shiga ƙarni na 20, cocin Katolika ya gano cewa bukin shekara-shekara da ake yi a fili, a kafa dandamalin katako a yi rawa, shi ne hanya mafi sauƙi ta tara kuɗin gina coci da gyaransa. Sannu a hankali zauren taron coci ya zama gidan rawa na mako-mako. Limamai da yawa kuma 'ya'yan gidajen makaɗa ne, sun tashi da kiɗan a kunnensu. A 1957 cocin Broad Cove ya fara shirya babban taron kiɗa na fili a kowace shekara. Wannan sauyi shi ya share fagen abin da ya faru a 1973.

4.0 Shekarun Raguwa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka juya da sauri. Gonakin tsibirin ba su iya riƙe matasa, sai suka riƙa tafiya ci-rani biranen Boston da Detroit da Toronto, da ma'adinan Ontario, da yawa ba su dawo ba. Aka kawo wutar lantarki ƙauyuka, talabijin ta shigo a shekarun 1950, hirar dare ta fara mutuwa. A 1955 aka buɗe hanyar Canso, wadda aka cike teku da duwatsu aka haɗa tsibirin da sauran ƙasar. Aka rufe ƙananan makarantun ƙauye masu aji ɗaya, waɗanda a cikinsu ake yin rawar unguwa, aka tattara yara a manyan makarantu. Harshen Gelik kuwa ya yi faɗuwar da ba ta da misali: masu shi a matsayin harshen uwa a lardin sun kai kimanin 24,000 a ƙidayar 1931, suka koma ƙasa da 7,000 a 1951, zuwa 1971 ba su kai 1,500 ba.

Duk da haka kiɗan bai yi shiru ba. Tun kafin yaƙin ake ɗaukar makaɗan tsibirin a faifai, gidan rediyon CJFX da aka buɗe a Antigonish a 1943 yana sa su a kai a kai. Wannan zamani ne na gwanaye irin su Winston Fitzgerald da Angus Chisholm, da Dan R. MacDonald wanda ya ƙirƙiri kaɗe-kaɗe masu ɗimbin yawa. Matsalar tana wajen magada. Samarin shekarun 1960 jita suke so da kiɗan zamani na Amurka, goge kuwa sun ɗauke shi kayan tsofaffi da ƙauyanci.

5.0 Fim ɗin da Ya Tsokano Jama'a da Taron Glendale

A farkon shekarun 1970 gidan talabijin na ƙasa, wato CBC, ya nuna wani gajeren fim da Ron MacInnis ya shirya mai suna The Vanishing Cape Breton Fiddler, ma'ana mai gogen Cape Breton da ke gab da ɓacewa. Saƙon fim ɗin a fili yake: makaɗan sun tsufa, yara ba su koyo, nan da ɗan lokaci za a nemi kiɗan a rasa. Mutanen tsibirin, musamman na gundumar Inverness, suka ji abin kamar an yi musu jana'iza da ransu.

Frank MacInnis na ƙauyen Creignish shi ya aika wa wasu mutane takardar gayyata don a zauna a tattauna. Cikin waɗanda suka amsa akwai Fada John Angus Rankin, limamin cocin Glendale, wanda ya iya fiyano ya kuma iya Gelik, da Fada Eugene Morris wanda gwanin rawa ne, da Archie Neil Chisholm, malamin makaranta kuma ɗan'uwan makaɗi Angus Chisholm, da alƙali Hugh J. MacPherson, da Joey Beaton makaɗin fiyano na Mabou, da wasu maza da mata. Shawarar da suka yanke ita ce a ƙaryata fim ɗin a aikace, ta hanyar tara makaɗa ɗari a kan dandamali ɗaya.

Aikin da ya biyo baya shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ainihin ginin ƙungiyar. Frank MacInnis da Fada Morris suka shiga mota suka riƙa zagaya tsibirin, ƙauye bayan ƙauye, suna cigiyar duk wanda aka san ya taɓa riƙe goge. Wani sai a ce musu ai kawunsa yana kaɗawa amma ya bari tun da matarsa ta rasu, wani kuma gogensa yana ƙarƙashin gado shekara goma ba a ɗaure masa tsirkiya ba. Irin waɗannan mutane makaɗan gida ne, ba su taɓa hawa dandamali ba, da yawansu suna jin nauyin kiɗa a gaban gwanayen da suke ji a rediyo. Sai da lallashi, kuma kasancewar limamin coci ne ya tako har gida ya roƙa ya sa ƙin amsawa ya yi wuya. A nan ne tarihi ya yi juyi mai ban mamaki: shekara ɗari da suka wuce limami ya bi gidaje yana karɓe goge, yanzu limami ke bin gidaje yana roƙon a fito da shi.

Sai kuma matsalar kiɗa tare. A al'adar tsibirin mutum ɗaya ke kiɗa, ko biyu a wurin rawa don sauti ya kai ƙarshen zaure kafin zuwan lasifika. Kowa da yadda ya gaji kiɗan daga mahaifinsa, da inda yake ƙara ado, da yadda yake jan baka. Tara mutum ɗari su kaɗa abu ɗaya yana buƙatar a zaɓi kaɗe-kaɗen da kowa ya sani, a daidaita su, a yi ta gwaji a zauruka daban-daban. Fada Rankin ne ya ɗauki nauyin jagorantar wannan. An kuma guji mayar da taron gasa, wanda dabara ce mai kyau, domin da an ce za a fitar da na ɗaya da na biyu, da makaɗan gida ba su fito ba.

A ranar ƙarshe ta taron na Yuli 1973, makaɗa fiye da 100 suka hau dandamali tare, Fada Rankin yana gabansu yana ba da hannu. 'Yan ci-rani sun zo daga Boston da Detroit da Ontario, da yawa sun daidaita hutunsu na shekara da taron. An maimaita shi a Glendale a 1975 da 1977 da 1979, daga baya aka mayar da shi Kwalejin Gelik da ke St. Ann's, wadda aka kafa tun 1938, ya kuma koma na kowace shekara a watan Agusta. Maƙwabta ma suka yi koyi: a 1976 mutanen tsibirin Prince Edward suka kafa tasu ƙungiyar, nan ma da wani limami, Fada Faber MacDonald, a sahun gaba.

Shin fim ɗin ƙarya ya yi? Marie Thompson, a wata maƙala da ta fito a mujallar Acadiensis a 2006, ta kira batun ɓacewar da sunan almara tun daga kan maƙalar, ta kuma yi nazarin rawar da fim ɗin ya taka wajen farfaɗowar kiɗan. Gaskiya ne makaɗa ba su ƙare ba, taron Glendale ya tabbatar da haka. To amma Ron MacInnis a kan magada ya yi magana, kuma furfura ce ta rinjaya a kan dandamalin 1973. Za a iya cewa kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, sai dai fushin da kuskuren fim ɗin ya jawo shi ya magance abin da fim ɗin ya faɗa daidai.

6.0 Zaman Ƙungiya

Bukin shekara shi ne abin da baƙo ke gani, amma rayuwar ƙungiyar tana cikin ƙananan al'amura. 'Yan ƙungiya sukan haɗu a kai a kai don gwaji, wasu su yi tafiyar sa'a biyu a mota. Ana raba musu takardun da aka rubuta kaɗe-kaɗen da za a koya da alamomin kiɗa, wanda bai iya karatun alamomin ba ya zauna kusa da wanda ya iya, ya ɗauka da kunne. A layi ɗaya za a ga dattijo mai shekara 80 da yarinya mai shekara 10, gwanin da ya yi faifai da ɗan koyon da bai wuce kiɗa biyar ba. Ba a yi wa kowa jarrabawar shiga. Ƙofa a buɗe take ga masu fiyano da masu rawa, har da masu saurare kawai waɗanda aikinsu shi ne tsaron ƙofa da sayar da tikiti da jera kujeru da dafa shayi. Shi wannan shayi da 'yan kayan ƙwalama da mata da maza ke kawowa daga gida ba ƙaramin matsayi gare shi ba, domin a lokacinsa ne ake gaisawa, a tambayi marasa lafiya, a tuna asalin wani kiɗa da wanda ya ƙirƙire shi. Wato dai wani yanki na tsohuwar hirar ɗakin girki ne ya sake ɓullowa a zauren taro.

Akwai kuma hidimar da ƙungiyar ke yi wa jama'a. Idan gobara ta cinye gidan wani, ko rashin lafiya ya kwantar da shi, akan shirya taron kiɗa a tara masa gudummawa, makaɗa su yi kyauta. Idan makaɗi ya rasu, 'yan'uwansa makaɗa sukan zo da gogunansu coci su yi masa kiɗan ban kwana tare. Wannan ya sa kasancewa ɗan ƙungiya ya zama wani irin zumunci mai haƙƙi da wajibi, kamar na 'yan gayya.

Bai kamata a ɗauka ƙungiyar ita kaɗai ta yi aikin ba. Kusa da ita akwai kwamitocin zaurukan ƙauyuka, su ma na 'yan sa kai, waɗanda suka riƙe rawar mako-mako. Zauren Glencoe Mills, wanda sai an bi hanyar burji cikin daji kafin a kai shi, ya shahara da rawar daren Alhamis a lokacin bazara, inda Buddy MacMaster ya shafe shekaru masu yawa yana kiɗa. Zauren West Mabou kuma ya yi suna da rawar daren Asabar ta iyali, wadda ba a sayar da giya, don yara su samu shiga. Rayuwar shi Buddy MacMaster misali ce ta irin makaɗin tsibirin. An haife shi a 1924, ya yi aikin jirgin ƙasa daga 1943 zuwa 1988, yana kiɗan rawa da dare yana komawa tasha da safe, bai fitar da faifansa na farko ba sai 1989, bayan ya yi ritaya. Ya rasu a 2014.

Zaman ƙungiya ya buɗe ƙofofin da a da suke a sakaye. Tun can akwai mata masu goge, irin su Theresa MacLellan da Winnie Chafe, amma 'yan kaɗan ne, domin an fi tura 'ya mace ga fiyano ta raka ɗan'uwanta. Da koyo ya koma aji, inda duk wanda iyayensa suka kawo shi zai zauna, sai 'yan mata suka cika azuzuwan. Haka kuma dandamalin ya haɗa jikokin mutanen Sikotland da makaɗan Mi'kmaq irin su Lee Cremo da Wilfred Prosper na Eskasoni, da na Faransawan yankin Chéticamp, waɗanda dama sun daɗe da ɗaukar kiɗan suna yi masa nasu ado.

7.0 Sabon Wurin Koyo da Tasirinsa a kan Kiɗan

Bayan 1973 aka fara buɗe azuzuwan koyon goge a garuruwa da dama. Malamin da ya fi tasiri shi ne Stan Chapman, wanda a hannunsa Natalie MacMaster, 'yar ƙanin Buddy, da Ashley MacIsaac da Wendy MacIsaac da Jackie Dunn suka yi karatu. An haifi Natalie a 1972, Ashley a 1975, wato su ne 'ya'yan zamanin Glendale. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sun kai kiɗan tsibirin manyan zaurukan Amurka da Turai, haka ma 'yan gidan Rankin na Mabou. A 1997 aka fara bukin Celtic Colours da ake yi a watan Oktoba, a 2006 aka buɗe ginin cibiyar adana kiɗan a Judique. Da aka rufe masana'antar ƙarfe ta Sydney da ramin kwal na ƙarshe na hukuma a 2001, kiɗa da baƙin da yake jawowa suka ƙara nauyi a tattalin arzikin tsibirin. Abin da aka fara da aikin sa kai ya zama sana'a ga wasu.

Sai dai dattawa sun yi ta nuna damuwa a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne kiɗan taro. Idan mutum ɗari za su kaɗa abu ɗaya, dole kowa ya rage adonsa, ya bi abin da ke rubuce. Yaron da ya fara koyo ta wannan hanya yana iya ɗauka cewa takardar ita ce kiɗan. Salon unguwanni, kamar na Mabou Coal Mines mai kaurin sauti da yawan gutsuttsura baka, ba ya shiga takarda. Na biyu shi ne harshe. Tsofaffi suna cewa gwanin makaɗi yana da Gelik a cikin gogensa, suna nufin nauyin kari da tsawon gaɓoɓin harshen suna fitowa a jan bakansa, tun da da baki aka fara rera masa kiɗan. Yaron da bai taɓa jin harshen a gida ba, daga ina zai samo wannan?

Damuwa ta farko tana da amsa. Karatun alamomin kiɗa ba baƙo ba ne a tsibirin, domin tun ƙarni na 19 littattafai irin su tarin Athole na 1884 da tarin Skye na 1887 suna yawo hannu-hannu, gwanaye kuma suna alfahari da kaɗa abu daidai yadda mai shi ya tsara. Kiɗan taro ɗan yanki ne na bukin, sauran lokacin kowa shi kaɗai yake hawa da mai fiyanonsa. Kuma gogewar salon unguwanni ta fara ne tun lokacin da faifai da rediyo suka sa samarin kowane ƙauye kwaikwayon Winston Fitzgerald, shekara ashirin kafin Glendale. Ɗora wa ƙungiyar wannan laifi rashin adalci ne. Har ila yau, muddin zaurukan rawa suna buɗe, ɗan aji zai je gaban masu rawa, su kuwa ba su duba takarda.

Damuwa ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta cikin abin da ƙungiyar makaɗa za ta iya magancewa. An iya tara makaɗa ɗari cikin shekara guda saboda goge yana ƙarƙashin gado yana jira, amma harshen da iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu tun shekarun 1930 ba ya dawowa da buki. Gwamnatin lardin ta kafa ofishin kula da al'amuran Gelik a shekarun 2000, ana kuma koyar da manya da yara, wasu matasan makaɗa sun koma koyon harshen da gangan don su fahimci abin da tsofaffin ke nufi. Ana ci gaba da muhawara a tsakaninsu a kan ko kunne zai iya ɗaukar karin daga tsofaffin kaset-kaset da aka ɗauka a ɗakunan girki, ko kuwa sai da harshen.

A can Sikotland kuwa, inda kiɗan ya fito, goge ya bi wata hanya dabam tun ƙarni na 19. Horon makarantun kiɗa na Turai ya shige shi ta hannun irin su James Scott Skinner, ƙungiyoyin birane kamar wadda aka kafa a Edinburgh a 1881 suka mayar da shi kiɗan zaure na mutane da yawa, rawar taka ƙafa ta tsofaffi kuma ta kusa ɓacewa. Da mutanen can suka fara jin makaɗan Cape Breton sosai a shekarun 1980, wasunsu suka ce ga tsohon kiɗansu nan an adana musu a ƙetaren teku, wasu masana kuma suka ce shekara ɗari biyu a Kanada, da fiyano da cuɗanya da Faransawa da mutanen Ayaland, sun mayar da shi wani abu na kansa. Kwalejin Gelik ta tsibirin Skye ta riƙa gayyatar Buddy MacMaster yana koyarwa a lokacin bazara. A 1996 aka buɗe makarantar bazara ta Ceòlas a tsibirin South Uist, ɗaya daga cikin wuraren da jiragen ƙaura suka kwashi mutane, aka kuma ɗauko malaman goge da na rawa daga Cape Breton su koya wa yaran wurin.